Turancin 'yan talla, daga kwalin man Koriya zuwa shagunan Jidda

Duk mai sayayya a Jidda ko Makka ya saba ganin harshe biyu a jikin kaya: Larabci a takardar da aka manna, Turanci kuma a kan kwalin da manyan baƙaƙe. Larabcin ba ya wahalar da Bahaushen da ya kwana biyu a ƙasar nan. Ya san *tahfidat* rangwame ne, ya san *asli* na gaske ne *taƙlid* kuma jabu, in mai shago a Bab Makka ya ce masa "wannan daraja ula ce", ya gane jabu ce da aka gyara wa fuska. Turancin ne ke kayar da mutane, har da waɗanda suka yi boko mai zurfi, domin Turancin talla ba shi ake koyarwa a aji ba. Kalmomin sanannu ne, aikin da aka sa su ne dabam.

Mai koyo yakan fara da manyan kalmomin zuzutawa, ya jera su a littafi da fassararsu: *amazing*, *ultimate*, *revolutionary*, *miracle*, *premium*, *must-have*, *game changer*. Ba laifi a san su, amma minti goma ya isa, don duk abu ɗaya suke faɗa, wato mai kaya yana yabon kayansa. Ba wanda ya taɓa asarar riyal ɗari don bai fahimci *amazing* ba. Kuɗi yana zurarewa ne ta ƙananan kalmomin da ido ke tsallakewa, irin su *up to* da *from* da *helps*, kuma a kansu ya kamata mai koyo ya kashe mafi yawan lokacinsa.

Lauyoyin Ingila da Amurka suna da sunan da suke kiran wancan yabo da shi, *puffery*: cika bakin da mai hankali ba zai ɗauke shi a matsayin alkawari ba, saboda haka ba a cin mutum a kotu a kansa. "Turaren da ya fi kowane ƙamshi a duniya" cika baki ne, babu ma'aunin da zai ƙaryata shi. "Yana yin awa goma sha biyu a jikin tufa" kuwa magana ce da agogo zai iya tabbatarwa ko ya ƙaryata. Wata tsohuwar shari'a ce ta ja wannan iyaka. A 1891 wani kamfani a Landan ya tallata wata 'yar ƙwallon roba mai maganin da ake shaƙa ta hanci, Carbolic Smoke Ball, ya ce duk wanda ya yi amfani da ita sau uku a rana har mako biyu, kuma duk da haka mura mai zafi ta kama shi, za a ba shi fam 100. Ya ƙara da cewa ya ajiye fam 1,000 a banki don a san da gaske yake. Wata mata mai suna Louisa Carlill ta saya, ta bi ƙa'ida, murar ta kama ta, ta nemi kuɗinta. Kamfanin ya ce ai zancen talla ne kawai. A 1892 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ina, wanda ya ambaci adadi, ya gindaya sharaɗi, har ya ajiye kuɗi a banki, ya fita daga cika baki ya shiga alkawari, sai ya biya.

Masu rubuta talla sun ɗauki darasi. Abin da suka ƙware a kai yanzu shi ne jimlar da za ta yi kama da alkawari a kunnen mai saye, amma in an je gaban hukuma a tarar ba ta ce komai ba. Kalmomin da ke yin wannan aiki ana kiran su *weasel words*, kuma ba su da yawa.

Babbarsu ita ce *up to*, wadda Larabcinta *hatta* ne. *Up to 70% off* ba ya nufin an rage kashi 70 a shagon. Yana nufin ragin ba zai wuce 70 ba. Ko riga ɗaya ce a lungu ta samu wannan ragin, sauran kaya aka rage musu kashi 10, ba a yi ƙarya ba. Haka *up to 48 hours* a kwalin abin sauraro na kunne: awa 48 ɗin sai an haɗa da cajin da ke cikin ɗan akwatinsa, an kuma rage sauti. Ƙanwarta ita ce *from* ko *starting at* ko *as low as*, farashin mafi ƙanƙantar samfuri ke nan, wanda sau da yawa ba shi ne a hoton ba. Sai *selected items*, wato wasu kayan da aka ware, ba duka ba. Sai *while stocks last*, wadda ke ba mai shago damar cewa ya ƙare. In ka je don abu mai arha aka ce ya ƙare, aka juya ka zuwa mai tsada, kuma da ma abin da aka shirya ke nan, sunan wannan wasan *bait and switch*.

Lissafin rangwame ma yana da nasa Turancin. Ɗauki abaya ta riyal 200. An rubuta *50% off*, a ƙasa kuma *extra 20% off*. Mutane da yawa sukan haɗa su ce kashi 70. Ba haka ba ne. Ragin farko ya mai da ita riyal 100, na biyu kuma a kan wannan ɗarin ake cire shi, ta koma 80. Jimlar ragi kashi 60. *Buy one, get the second 50% off* kuma biyu za ka ɗauka a riyal 300 maimakon 400, kashi 25 ke nan kacal, ga shi an sa ka sayi abin da ba ka yi niyya ba. *Buy two, get one free* kashi 33 ne. Wannan lissafi ya fi amfani a Nuwamba, lokacin Juma'a Fara, sunan da shagon intanet na Souq.com ya fito da shi a 2014 a maimakon Baƙar Juma'ar Amurka saboda darajar ranar a wajen Musulmi, da kuma makon bikin ranar ƙasa na 23 ga Satumba. A Saudiyya shago ba ya sanar da rangwame sai da lasisin Ma'aikatar Kasuwanci, kuma wajibi ne a nuna farashin kafin ragi da na bayansa. Wanda ya ga an yi wasa da farashi yana iya kiran 1900 ko ya shigar da ƙorafi ta manhajar Balagh Tijari, amma ya riƙe *fatura*, wato rasit, da hoton tallar, don su za a nema.

Inda waɗannan ƙananan kalmomi suka fi yin ɓarna shi ne kayan kwalliya, musamman na Koriya da suka cika kantunan magani da shagunan intanet, kuma matanmu ke saye don kansu ko don aikawa Kano da Kaduna da Yamai. Ɗauko kwalin irin man nan mai ruwa-ruwa da ake ɗigawa a fuska, a karanta shi layi-layi. A gaba za a ga wani abu kamar *helps reduce the appearance of dark spots*. Jimla ɗaya ce, amma ƙofar tsira uku aka bar mata. *Helps*: yana taimakawa, ba shi ke yin aikin ba. *Reduce*: ragewa, ba kawarwa ba, kuma ba a ce da nawa ba. *The appearance of*: yadda tabon ke bayyana a ido, ba tabon kansa ba, hoda ma tana rage wannan. In aka cire ukun, ba abin da kamfanin ya ɗauka wa kansa. Ba wai man ba ya aiki ba ne, wataƙila yana yi, amma kwalin bai yi rantsuwa a kai ba.

A ƙasa za a ga *clinically tested* ko *dermatologist tested*. An gwada, shi ke nan. Ba a faɗi abin da gwajin ya nuna ba. *Clinically proven* ta fi nauyi, tana cewa an tabbatar, amma ita ma sai an bi ɗan tauraron da ke gefenta zuwa ƙananan rubutun ƙasa, wanda ake kira *fine print*. Can ne ake faɗin mutum nawa aka gwada da tsawon makonnin. In an rubuta *9 out of 10 women agree*, kalmar *agree* ta nuna ra'ayinsu aka tambaya, ba auna fatarsu aka yi ba. In kuma ƙananan rubutun ya ce mata 20 ne, to 18 ake nufi. *Hypoallergenic* tana da kwarjini a kunne, amma hukumar abinci da magunguna ta Amurka da kanta ta ce ba ta da wata ƙa'idar da ta fayyace ma'anarta. *Natural* ma kusan haka take. Barkono ai na halitta ne.

Akwai wani abu da ya keɓanta da kayan Koriya: sau da yawa Turancin kwalin ɗan Koriya ne ya rubuta shi, yana tunani da harshensa. Su ma fama suke da waɗannan kalmomi kamar yadda muke yi, kuma sun ari wasu sun ba su ma'anar da Bature bai san da ita ba. *Skin* a kwalbar Koriya ba fata ba ce, ruwan goge fuska ne da ake shafawa bayan wanka. *Event* ba taro ba ne, garaɓasa ce. *Service* ita ce gyara, abin da mai kaya ke ƙara maka kyauta. *A/S* gyaran kaya ne bayan an saya, abin da muke kira *daman* a nan, wato garanti. *1+1* kuma sayi ɗaya a ba ka ɗaya.

Wadda ta fi rikita mutanenmu ita ce *whitening*. Mai nema ta ga kalmar ta ɗauka bilicin ne, mai gudu ma ta ɗauka bilicin ne, dukansu sun yi kuskure. A tsarin Koriya wannan rukuni ne na kayan kwalliyar da hukumarsu ke sa wa ido, kuma ana nufin rage dusashewa da tabo, ba sauya launin da aka haifi mutum da shi ba. Sinadarin da aka fi amfani da shi, *niacinamide*, ana sa shi ne kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari. Saboda haka man Koriya na gaske ba zai mai da kowa fari a mako guda ba. In wani ya yi hakan, abin tsoro ne ba abin murna ba, domin irin wannan saurin sai sinadarai irin su *hydroquinone* da *mercury* da *steroid*, waɗanda ba a yarda a zuba su a man kwalliya ba, kuma ba a rubuta su a kwali in an zuba. Haɗe-haɗen da ake sayarwa a roba ba suna, waɗanda ake kira *khalɗa*, nan ne haɗarin ya fi yawa. Manhajar Tameni ta Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya tana taimakawa wajen duba ko an yi wa kaya rajista.

Sai *ppm*, wadda ita ce ta fi ba ni haushi a duk kwalin, don gaskiya ce tsantsa da aka sa wa rigar ƙarya. Ma'anarta kashi ɗaya cikin miliyan. Dokar Koriya ta ce in an sa sunan wani sinadari a cikin sunan kaya, a faɗi yawansa, kamfanoni kuma suka ga babbar lamba ta fi jan ido. *10,000 ppm* kashi 1 ne cikin ɗari. *1,000 ppm* kashi 0.1. Man da aka ce na zinariya ne mai *10 ppm* kashi 0.001 ke ciki. Hanyar lissafi mai sauƙi ce: raba lambar da 10,000, abin da ya fito shi ne kashi cikin ɗari. In *ppb* aka rubuta, wannan cikin biliyan ne, kada ma a wahalar da kai. Jerin sinadaran bayan kwali kuma ana farawa ne da wanda ya fi yawa, ana gangarowa har zuwa kashi 1. Daga nan kamfani na iya jera sauran yadda ya ga dama. In abin da aka yi ta kururutawa a gaba yana can kusa da ƙarshe, bayan turare da maganin hana lalacewa, ɗan ɗigo ne.

Ga mai aika kaya gida, kalma biyu na Koriyanci sun cancanci a haddace siffarsu: 제조 ranar da aka yi kayan, 까지 ranar da zai lalace. Suna fara rubuta shekara, sai wata, sai rana. An sha mai da kaya masu kyau don an ɗauki ranar yi a matsayin ranar lalacewa, an kuma sha sayar da waɗanda suka kusa mutuwa saboda akasin haka. Ɗan hoton gwangwani a buɗe mai *12M* kuwa wata goma sha biyu ne daga ranar da aka buɗe.

Man kariya daga rana, wanda zafin ƙasar nan ya sa kasuwarsa ke ci, yana da lambobin da suke kama da hujja. SPF ma'aunin ƙarfin kariyar ne: SPF 30 yana tare wajen kashi 97 na hasken da ke ƙona fata, SPF 50 wajen kashi 98. Tazarar ba ta kai yadda lambar ke nunawa ba. Kuma lamba ma tana iya yin ƙarya: a ƙarshen 2020 gwajin da wasu ɗakunan bincike masu zaman kansu suka yi ya nuna wani sanannen man Koriya mai rubutun SPF 50+ bai wuce 19 ba, aka janye shi daga kasuwa, wasu ma suka bi baya. Ba mai da ke hana ruwa gaba ɗaya. Amurka ta hana rubuta *waterproof* a irin waɗannan tun 2011, sai dai *water resistant* tare da minti 40 ko 80.

A kasuwar waya ta Titin Falasɗin a Jidda ko Baɗha a Riyad salon ɗaya ne, kayan ne suka sauya. Ɗauki fawa-bank mai rubutun 20,000 mAh, ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka. Mai waya mai batir 5,000 zai raba ya ce caji huɗu. Ba zai samu ba. Lambar ta batirin ciki ce a kan bolt 3.7, wato 74 Wh, ma'aunin ainihin wutar da ke ajiye a ciki. Wajen fitowa sai an ɗaga wutar zuwa bolt 5, lambar ta sauko zuwa 14,800, zafi ya ci wani kaso, a ƙare a wajen 12,000 zuwa 13,000. Caji biyu da rabi zuwa uku ke nan. Kamfanin kirki yakan rubuta wannan da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashin *rated capacity*, kuma ita ce kalmar da za a nema, ba *ultra* ko *mega* ba. Hannu ma yana faɗin gaskiya: na 20,000 na ainihi yana da nauyin da ya doshi gram 400. Wanda bai fi sabulun wanka nauyi ba amma aka rubuta masa 50,000, a ajiye shi. Mai tafiya gida kuma ya tuna iyakar jirgi 100 Wh ce, kusan 27,000 mAh, kuma a jakar hannu ake sa shi. Sauran kalmomin wannan layi ba su da wuya. *Refurbished* da *renewed* wanda aka yi amfani da shi ne aka gyara. *Open box* an buɗe an mayar. *Compatible with* ba na kamfanin ba ne, yana dai shiga. *Inspired by* a kwalbar turare kwaikwayo ne da ya faɗi gaskiya. A sifika, cikin lambobin ƙarfinta, *PMPO* lambar banza ce, *RMS* ake dubawa.

Duk waɗannan bakin mai sayarwa ne. Akwai kuma kalmomin mai saye da idonsa ya buɗe, kuma su ne ke buɗe wa mutum ƙofar bincike. Uwarsu ita ce *hype*: zuzuta abu da kururuta shi fiye da ƙimarsa. Ba a ƙirga ta, ba a cewa *a hype* ko *hypes*, sai dai *a lot of hype* ko *all the hype*. Mu da 'yan Koriya duk muna tuntuɓe a nan, don harsunanmu ba su da irin wannan *a* ɗin na Turanci. Ba ta tafiya ita kaɗai, tana da abokan rakiya, kuma da su za a haddace ta: *worth the hype*, *don't believe the hype*, *buy into the hype*. *It didn't live up to the hype* shi ne kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Amma in matashi ya ce *I'm so hyped*, ba suka yake ba, ɗoki yake nufi.

Furucinta ma da ɗan aiki. Bahaushe ba ya raba f da p, sai ya ce "haif". Balarabe ba shi da p, sai ya ce "haib". Ɗan Koriya yana da p amma yakan ƙara wasali a ƙarshe, ya ce "haipu". Maganin dai ɗaya ne: a rufe leɓe ruf a ƙarshen kalmar, kada iska ta ci gaba da fita. Ɗan Koriya kuma f ɗin ce ba shi da ita, don haka in dillali daga Seoul ya aiko saƙon murya yana cewa "puri sempul", *free sample* yake nufi.

Uku da ake yawan cuɗanyawa: *overhyped* an zuzuta shi da yawa, *overrated* mutane sun ba shi darajar da bai kai ba, *overpriced* ya yi tsada fiye da ƙimarsa. Abu na iya zama mai kyau kuma *overpriced*. *Gimmick* ɗan ƙyale-ƙyale ne da aka liƙa don jan hankali ba don amfani ba, ita kuma ana ƙirga ta. *Clickbait* kanun da ke jan mutum ya danna ya tarar ba komai. *Rip-off* an ba ka kayan amma an yanke ka a farashi, *scam* kuwa damfara ce tun daga tushe. Kada a haɗa biyun a ƙorafi. Wanda ya rubuta wa shago *scam* alhali tsada kawai yake kuka da ita ya zarge su da laifin da ba zai iya kafa hujjarsa ba. *Snake oil* maganin ƙarya ne mai warkar da komai. Sunan ya samu gindin zama ne daga wani Ba'amurke, Clark Stanley, wanda sama da shekara ɗari da suka wuce hukuma ta gwada man macijinsa ta tarar ba maciji a ciki, yawancinsa man ma'adini ne, aka ci shi tarar dala 20.

*Shill* ba baƙon abu ba ne ga wanda ya yi karatun fiƙihu. Mutum ne da ke yabon kaya ko ƙara tayi kamar shi ma mai saye ne, alhali da mai kayan yake. Najashi ke nan, wanda hadisin Ibn Umar a Bukhari da Muslim ya nuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. A intanet najashi ya koma hannun masu mabiya da yawa. Kalmomin da za a nema a ƙarƙashin bidiyo su ne *ad* da *sponsored* da *paid partnership*, biya aka yi. *Gifted* ko *PR*, kyauta aka aiko. *Affiliate link* ko lambar rangwame mai sunan mutum, kamasho yake ci a kan duk wanda ya saya. A Koriya a 2020 asirin manyan masu YouTube da dama ya tonu, suna karɓar kuɗi suna nuna kamar da aljihunsu suka saya. Abin ya samu suna, *dwit-gwanggo*, tallar bayan fage, kuma daga 1 ga Satumba na wannan shekara hukumar kula da adalcin ciniki ta ƙasar ta tsaurara ƙa'idar bayyanawa. A nan Saudiyya tun 2022 mai yin talla a shafinsa na sada zumunta sai da lasisin Mawthooq, riyal 15,000 na shekara uku.

Yadda za a koyi duk wannan ba tare da an gaji ba: kada a fara da jeri, a fara da talla. Ɗauki hoton talla guda a waya, ko kwali guda daga cikin kayan gida. A kwafe rubutun a takarda, a ja layi ƙarƙashin duk abin da za a iya aunawa, a zagaye duk ƙaramar kalmar da ta rage masa ƙarfi, a soke yabon da ba shi da ma'auni. Abin da ya rage shi ne ainihin abin da aka ce za a ba ka, kuma sau da yawa layi ɗaya ne. Kwali biyu ko uku a mako sun isa. Kowace sabuwar kalma a rubuta ta a kati tare da jimlar da aka same ta a ciki, a baya kuma a rubuta abu biyu da Hausa: me take nufi, kuma bakin wa take fitowa. A duba katin washegari, sai bayan kwana 3, 7, 14 da 30. Manhajar Anki tana tsara wannan da kanta. Kalma takwas zuwa goma a mako sun fi hamsin da za a manta kafin Juma'a.

Kuskuren da aka fi yi shi ne dogaro da fassarar waya. Tana ba da ma'ana amma tana zubar da sautin, ba ta gaya maka ko kalmar yabo ce ko habaici. Ƙamus na masu koyo, irin na Oxford ko Cambridge ko Longman, suna kyauta a intanet kuma suna sa alama: *disapproving* na nufin akwai suka a ciki, *informal* na nufin ta hira ce ba ta wasiƙar ofis ba. Bayan haka sai a sa kalmomin aiki. Kafin a sayi abu a rubuta sunansa a Google ko YouTube a ƙara *overhyped* ko *worth it* ko *long-term review* ko *after 3 months*. A shafin sayayya a tsallake masu tauraro biyar da masu ɗaya, a karanta masu biyu da uku, nan ne mutane ke faɗin abin da ya yi da abin da bai yi ba. Wanda ya saya ta intanet kuma ya sani dokar cinikin intanet ta 2019 ta ba shi kwana 15 ya mayar, muddin bai yi amfani da kayan ba, ban da wasu nau'o'in da aka ware.

Mai saro kaya tana sayarwa ta WhatsApp ita ce ta fi kowa buƙatar wannan karatu, don a hannunta ƙofofin tsirar nan ke toshewa. Kamfani ya rubuta *helps reduce the appearance of*, ita ta sa a sitatus "yana goge tabo tas cikin mako biyu". Kamfanin bai yi alkawari ba, ita ta yi. Ranar da aka kira daga Kano aka ce "Hajiya, wata guda ke nan ban ga komai ba", ba wanda zai nemi Seoul, ita za a riƙe. Fassarar da ta dace ita ce wadda ta bar ƙarfin maganar yadda yake: "an ce yana taimakawa wajen rage duhun tabo, sai an jure makonni, kuma jiki da jiki ya bambanta." Ba ta da zaƙi kamar waccan, amma ba a dawo da kaya a kanta.

Wajen magana da dillali, tambaya gajera mai neman lamba ta fi doguwar gaisuwa aiki. *What is the percentage of niacinamide?* don sanin yawan sinadari. *What is the rated capacity?* ga fawa-bank. *Please send a photo of the batch number and expiry date*, hoton lambar rukuni da ranar lalacewa, kuma a ce na kwalin da za a aiko, ba na intanet ba. *Is VAT included?*, wato ko an haɗa da harajin sayen kaya, domin harajin kashi 15 ne tun Yulin 2020, kuma farashin sari wani lokaci ba a haɗa shi. In amsar ta zo da lamba da hoto, a ci gaba da ciniki. In ta zo da *best quality dear, trust me*, a maimaita tambayar sau ɗaya, kada a tura kuɗi kafin lambar ta iso.